Da Tsohuwar Zuma: Yadda Na Tayar da PS2 Ɗin Yayana a Agege

A kan tabarma gardamar ta fara, bayan sallar isha'i, a makon farko da Halifa ya zo mana hutu daga Kano. Ɗan yayana ne, shekararsa 15, kuma tun da ya sauka a Agege ban ga tafin hannunsa ba, kullum waya ce a kai. Na leƙa, sai na ga ƙwallo yake bugawa, eFootball. Na ce masa wannan ai jikan wasanmu ne, don Konami ɗin da suka yi mana Winning Eleven da Pro Evolution Soccer su ne suka sake masa suna a 2021. Da a nan na tsaya da an kwana lafiya. Sai bakina ya ƙara da cewa duk ƙyalƙyalin nan nasu bai kama ƙafar PES 6 ba, wato Pro Evolution Soccer na shida da muke bugawa a na'urar PlayStation 2 (PS2).

Yaron ya ɗago ya yi mini irin kallon da muke yi wa tsofaffi in sun ɗauko labarin lokacin da ake sayen rago fam biyu.

"Baffa, wanda 'yan wasan suke tafiya kamar an sassaƙa su da icce?"

"Ka taɓa riƙe hannunsa ka buga?"

"Na gani a YouTube."

Uwargida ta leƙo daga kicin ta ce, "Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba." Ban tanka mata ba. Na dai kwanta da ƙudurin sai na zaunar da yaron nan gaban abin, ya gani da idonsa.

Abin da Halifa bai sani ba, ko ya sani a labari kawai, shi ne da kuɗin gidan gem ubansa ya yi aure. Daga 2005 zuwa 2010 Yaya yana da wani ɗan shago a bayan layin dogo: talabijin uku masu doro a kan katako, benci biyu, fanka ɗaya da ba ta tashi sai an tura ta da biro, da ƙaramin janareto a waje ɗaure da sarƙa. Ni ne mai littafi. Wasa ɗaya naira 20, wanda aka ci shi ke biya, wanda ya ci kuma yana nan zaune har sai an samu mai tayar da shi. 'Ya'yan Hausawa da na Yarbawa da na Ibo duk a benci ɗaya, ana zagin rafali da harshe uku. Da an kira magariba Yaya zai zare waya daga bango ko da ana tsakiyar fenariti ne, don sharaɗin da limamin unguwa ya gindaya masa ke nan kafin a bar shi ya buɗe.

Kafin nan ma, a shagon wani, mun yi zamanin PlayStation ta farko, mai ruwan toka, wadda in idonta ya gaji sai an kifa ta kafin ta karanta faifai. A can muka san Winning Eleven mai sharhin Japananci. Ko kalma ɗaya ba ma ji, amma duk mun haddace ihun. A can ne kuma Tijjani Babangida, ɗan Kadunan nan da ya buga wa Ajax, ya zama sarki. A ba shi ƙwallo a gefen dama, a danne maɓallin gudu, sai dai a tarar da shi a bakin raga. Mu Hausawan benci har tinƙaho muke yi da shi kamar ƙanen babanmu ne.

Da PS3 ta fara shigowa gari, ga tsada ga kuɗin mai, ga iyali, Yaya ya rufe shagon ya koma Kano. Ya sayar da na'ura biyu, ɗaya ta rage a ɗakin Inna.

Washegari da hantsi na bar yaron shagona da yadudduka na nufi gidanta.

"Inna, ina sauran kayan shagon Yaya?"

"Shagon shiririta? Duba ƙarƙashin gado, bayan kwanukan samira. In ka kwashe ka rage mini kaya."

A cikin wata jakar Gana-mas-go na same su. PS2 babba ce, baƙa, mai aljihun faifai da ke turowa waje, ba siririyar nan da aka fitar a 2004 ba. Ga hannun buga wasa guda biyu, ɗaya an naɗe wayarsa da salatif har ta yi ƙulu. Ga wayar talabijin mai kai uku, rawaya da fari da ja. Ga faifai guda huɗu da suka sha karce kamar an yi wankin tukunya da su. A can ƙasa kuma, cikin kwalin ashana, ga ƙaramin memori mai 8MB da ɗigon jan farce a gefensa. Yaya ne ya ɗiga masa, saboda yara kan zo da nasu su yi musanya. Da na ga ɗigon nan sai da na zauna a bakin gadon Inna na ɗan jima.

Sauri ya haifi nawa. Ina isa gida, ko ƙurar ban kaɗe ba, na cusa waya a soket na danna maɓallin baya. Ɗas! Sai wani siririn hayaƙi, sai wari kamar an jefa leda a murhu. Halifa ya toshe baki yana dariya. A daidai lokacin na tuna da wani baƙin ƙarfe mai nauyi da kullum yake ƙarƙashin teburin shagon Yaya, wanda ake fara soka na'urar a jikinsa kafin bango. Ƙaramar taransifoma ce mai rage ƙarfin wuta. Na kuma tuna inda na gan shi da safiyar nan: shekara goma sha Inna tana tokare ƙofar ɗakinta da shi.

Ranar Alhamis na sa ta a jaka na hau danfo zuwa Ikeja. Duk wanda ya san Computer Village, kasuwar wayoyi da kwamfuta, ya san tun daga ƙarƙashin gada ake fara tare mutum, wannan ya ce sayarwa ka kawo, wancan ya ce gyara ne. Na rungume jakata a ƙirji na nemi wani ɗan uwanmu mai sayar da gilashin waya, shi ya hau da ni wani bene, ya kai ni wani lungu da ba zan taɓa ganewa ni kaɗai ba. Mai gyaran Bayarabe ne mai furfura a gemu, haifaffen Sabon Garin Zariya, Hausarsa ta fi ta yaranmu da yawa na Agege. Bai ko tambaye ni abin da ya faru ba. Ya shinshina bayan na'urar, ya juya ta, ya ɗora ɗan yatsa a kan takardar da ke manne.

"Malam, karanta nan."

Na karanta: SCPH-39001, 120V.

"Ka ga ɗayan nan ta ƙarshe? Amurka ke nan. In sifili ne Japan, uku Ingila, huɗu sauran Turai. Wutar Amurka 120, tamu 230. Ka ɗura wa jariri tuwon dawa."

Ya kwance ƙusoshin ƙasa, ya ɗaga murfin a hankali saboda wata siririyar waya da ke haɗe da maɓallan gaba, wadda ya ce ita ce abin da 'yan koyo suka fi tsinkewa. Abin da ke ciki ba ya faɗuwa: ƙura ta yi dabe a kan fanka, ga ƙwan kyankyasai, ga wani busasshen ɓawon gyaɗa da Allah kaɗai ya san wanda ya tura shi ta ramin iska. Ya busa, ya goge da tsohon burushin haƙori da ɗan sifirit. Sannan ya nuna mini inda sa'ata take. A irin wannan babbar, allon wuta daban yake da babban allon da ke ɗauke da ƙwaƙwalwar na'urar. Fiyus ya tsinke, wani ɗan gwangwani a jikin allon wutar ya kumbura ya fashe, amma ɓarnar ba ta haura ba. Ya ce ko ya gyara wannan in ci gaba da yawo da ƙarfen Inna, ko kuma in samo matacciyar na'ura ta Turai, sa'ar wannan, a ciro allon wutarta mai ɗaukar irin wutarmu, a huta har abada. Na zaɓi na biyu. Ya ce to ba shi da ita, sai kasuwar Alaba.

Daga Agege zuwa Alaba tafiya ce ta wuni, kowa ya sani. Ranar Asabar muka kama hanya ni da Halifa: Iyana Ipaja, Egbeda, Igando, inda ruwa ya tsuge gosulo ya ɗaure, sannan Iyana Iba. Sai bayan azahar muka shiga kasuwar. Layin masu gem kuwa abin kallo ne. PS2 jibge kamar bulo, tokumbo daga kwantena, wasu da sitikar yaran Turawa a jiki. Ba abin mamaki ba ne. Tun fitowarta a 2000 har Sony ta daina ƙera ta a farkon 2013 an sayar da fiye da miliyan 150, shi ya sa gawarwakinta ba sa yankewa. Na ce matacciya nake nema, mai lamba 39003 ko 39004. Mai shagon ya dube ni ya tabbatar lafiyata ƙalau, sannan ya tura yaro ɗaki. Da ya gane cikinta nake so, farashin gawa ya tashi nan take. Muka yi ta ja, na yi kamar zan tafi sau biyu, aka daidaita.

Wajen hannu ne na ɓata lokaci, kuma a nan nake ba duk mai wannan niyya shawara ya natsu. Za a miƙo maka sabo fil a leda, yana sheƙi, da araha. Ɗauke shi ka auna a tafinka: in ka ji shi sakayau kamar fanko, na kwaikwayo ne, wata biyu sandar hagu za ta fara jan ɗan wasa gefe ba ka taɓa ta ba. Na asali, DualShock 2, yana da nauyi, wayarsa doguwa ce mai kauri, a bayansa an rubuta SCPH-10010, maɓallansa kuma suna nutsewa da taushi ba ƙwas-ƙwas ba. Na tona kwali har na samo biyu tsofaffi, robar kan sandar ɗaya ta cinye, na sa aka gwada mini kowane maɓalli a gabana. Halifa shi yana can ya kafe gaban PS5. Ya tambayi kuɗinta, aka faɗa, daga ni har shi muka yi shiru muka fito.

Ranar Litinin mai gyara ya dasa allon cikin minti ashirin. Ya soka a bango kai tsaye, gabana ya faɗi, sai ga jar fitila. Ya danna, ta koma koriya. Sannan wannan sautin ya fito, mai kama da iska a cikin rijiya, ga dogayen ginshiƙai suna tasowa cikin duhu. Na ji tsikar jikina ta tashi. Ya ce in sa memorin in sake kunnawa. Da na sa, ginshiƙan suka ƙaru suka yi tsayi. Ashe ba ado ba ne kawai, na'urar tana zana su ne gwargwadon wasannin da memori ya san an buga. Shekara biyar ina kallon hoton nan sau ashirin a rana ban sani ba.

Murna ta koma ciki da muka sa faifai. Ta yi ta ƙiƙir-ƙiƙir, can sai jan allon nan da duk ɗan gidan gem ya tsana, mai cewa a sa faifan PlayStation. Idon da ke karanta faifai ya mutu, faifan ma sun gama yawo. Ya ce ana sauya ido, amma yawancin masu irin wannan na'urar yanzu sun bar faifai. Akwai wata manhaja, Free McBoot, da ake sa wa a memori, ita ke buɗe wata mai suna OPL, wadda ke karanto wasa daga filash ta ramin USB na gaba. Aibinta ɗaya, ramin tsohon yayi ne, USB 1.1, ba shi da sauri, don haka bidiyon buɗe wasa kan riƙa sarƙewa, amma ƙwallon kanta lafiya lau. Wanda yake son sauri sai ya sa babban faifan kwamfuta a ramin da ke bayan na'urar. Na ce filash ya ishe ni.

Ya miƙo hannu zai ɗauki memorin Yaya ya sa manhajar a ciki, na riƙe masa hannu. Na ce wannan ba a taɓa shi. Na sayi wasu biyu, ɗaya na manhaja, ɗaya fanko. Muka sa na Yaya a rami na ɗaya, fankon a na biyu, muka shiga wurin da ake duba ajiya, muka kwashe komai ɗaya bayan ɗaya. Agogon na'urar ya koma 1 ga Janairu 2000 saboda ɗan batirin ciki ya mutu, amma kowace ajiya tana nan da ranarta. Ga San Andreas, ga God of War, ga Mortal Kombat, ga PES 6 har kashi uku. Ta ƙarshe 2010 ce.

Na ɗauka an gama. Da muka buɗe wasan da mai gyaran ya zuba mini, sai ga 'yan wasan bana da riguna na bana, wani gyararren bugu ne da masu son wasan suke sabuntawa, kuma ko kallon ajiyar Yaya bai yi ba. Nan na koyi cewa ajiya tana bin bugun da aka yi ta da shi. Na Turai daban, na Amurka daban, na Japan daban, ko da wasan ɗaya ne. Namu na Turai ne, na 2006, duk da na'urar 'yar Amurka ce, don tun a wancan lokacin an sa mata cif ɗin da ke sa ta cin kowane faifai. Sai da ya kwana biyu kafin ya samo shi.

Saura talabijin, kuma a nan ne na kusa ba Halifa gaskiya. Na haɗa da babbar filasmar falo, hoton ya fito dishi-dishi, fuskoki kamar an shafa musu koko, gefen kowane ɗan wasa da haƙora-haƙora. Wanda ya fi damuna, ina danna maɓalli sai an ɗan yi jinkiri kafin ƙafa ta motsa. Kaɗan ne, amma hannun da ya saba yana ji. Dalilin shi ne PS2 tana fitar da hoto mai layi 480 ko 576, an yi shi ne don talabijin mai doro. Ta zamani mai layi 1080 sai ta tsaya ta miƙe hoton ta cike gurbi kafin ta nuna, a nan jinkirin yake shiga, a nan kuma munin yake fitowa. Yaron bai ce komai ba, ya dai harɗe hannu yana murmushi, abin da ya fi magana ciwo.

Na zaga wajen wani mai gyaran rediyo a kusa da Pen Cinema, na tarar da masu doro jere a bayan shagonsa, waɗanda masu su suka kawo gyara ba su dawo ba. Na ɗauki 'yar inci 21, muka rungumo ta a Keke. Uwargida ta tsaya a ƙofa ta riƙe ƙugu.

"Baban Nana, mutane suna fitar da bola kai kana shigo da ita?"

Na ce ta ba ni mako biyu. Muka ajiye ta a ɗakin baƙi a kan tebur. Da hoton ya fito, sai ga filin kore shar, ga ƙwallo tana gudu sumul, dishi-dishin nan duk ya narke. Halifa ya matso da kujerarsa ba tare da an ce masa ba.

Kafin mu buga na shiga jerin ƙungiyoyi. A PES 6 akwai guraben da aka bari don mutum ya gina tasa, kuma a ɗaya daga ciki Yaya ya gina ƙungiyar layinmu, kowa da laƙabinsa. Na manta da ita sam. Ga Dogo a tsakiyar baya, wanda yanzu shi ne ladanin masallacinmu. Ga Tunde Ƙarami a gefen hagu. Ga Mai Shayi, da ya bi hanyar Libiya tun tuni ba mu sake jin ɗuriyarsa ba. Ga Ɗan Barno a lamba tara, Allah ya jiƙansa. Yaya ya zauna ya yi wa kowa kamanni iya yinsa, har tabon goshin Dogo ya so ya fitar. Sai lamba goma, kyaftin, sunan Yaya da manyan baƙaƙe. Gudu 99. Ƙarfin shot 99. Yanka 99. Kai 99. Tsayi kuwa ya ba kansa na ɗan kwando, mutumin da ko kafaɗata bai kai ba. Halifa ya faɗi ƙasa yana riƙe ciki.

"Baffa, kai kuma ina kake?"

Muka yi ta nema. Can ƙasan benci muka same ni: gola na biyu, da sanƙo, alhali a lokacin ina da shekara 16 da sumata cunkus.

Wasan farko, ba kunya, Inter na ɗauka. A shagon Yaya an haramta ta, don Adriano na wannan shekarar ba mutum ba ne, ƙarfin shot ɗinsa 99 na gaske, ga Ibrahimovic a gefensa. Duk wanda ya ɗauke ta sai benci ya yi masa ihu. Amma ina da abin da nake son nunawa. Halifa ya ɗauki Barcelona saboda Ronaldinho. Abin da ban zata ba shi ne yadda yatsuna suka tuna komai ba tare da sun shawarce ni ba: maɓallin R1 gudu, tirayangul a zura ƙwallo tsakanin masu tsaron baya, bokis a harba, bokis da eks a jere a yaudari gola ya kwanta. Shi kuwa ya saba da FIFA a gidajen gem na Kano, wanda tun 2023 ya koma FC, inda da'ira ce harbi. Duk sanda ya fuskanci gola sai ya danna da'ira, ƙwallo ta tashi sama ta nufi tutar kwana. Huɗu da nema. Na miƙe na zaga ɗakin. Na kira uwargida ta zo ta ga sakamako, ta ce tana da aiki.

Daɗin bai wuce kwana uku ba. Ina shago, shi yana gida da hannu. Ranar Juma'a da daddare ya ce shi ƙungiyar babansa zai ɗauka. Ya gano L1 da tirayangul, wadda ke ɗaga ƙwallo ta bayan masu tsaro, ya gano cewa golan wasan nan yakan amayar da shot mai ƙarfi a gaban raga, ya kuma gano cewa babu mai kamo lamba goma. Uku da ɗaya, duka ukun ubansa ne ya ci ni.

A cikin makonnin nan na kalli wasan da idon babba, kuma dole in faɗi abin da na gani. Yaron bai yi ƙarya ba gaba ɗaya. 'Yan wasa kusurwa takwas kawai suke juyawa. 'Yan kallo kamar an yanko su daga kwali. Chelsea sunanta London FC, Liverpool kuma Merseyside Red, saboda ba a sayi izinin sunayen ba. Rafali wani lokaci sai ka rantse an ba shi goro. Mai sharhi yana maimaita magana ɗaya har ta gundure ka. A ƙwaƙwalwata duk wannan ya goge, na bar wa kaina masu daɗin kawai.

Duk da haka ina nan a kan bakana, kuma yanzu na san dalili, ba son zuciya kaɗai ba ne. A wasan nan ƙwallo ba ta manne da ƙafa, tana da nata rai, takan bugi ƙafar wani ta faɗo inda ba a zata ba, shi ya sa ba ka cin ƙwallo iri ɗaya sau biyu. Kana dannawa ana yi. Minti goma an gama, an san na sama. Ba data, ba jiran sabuntawa, ba a ce maka sai ka sayi kati kafin ka samu ɗan wasa. Abin da ke hannuna shi ke hannun abokin karawata. Ko Master League, gasar da kake raino ƙungiyarka, da Castolo da Minanda da gola Ivarov kake farawa, 'yan wasan da babu su a duniya, ba su iya komai ba, ka yi ta fama da su a rukuni na ƙasa har ka tara makin sayen mutum ɗaya mai gudu irin Obafemi Martins. Ranar da ka sayar da Castolo sai ka ji kamar ka kori ɗan gida.

Na zayyana wa Halifa wannan duka. Ya saurara da ladabi, sannan ya ce, "Baffa, ni fa kullum da daddare ina bugawa da abokina da suka koma Jidda. Wannan taka za ta iya?" Na ce ba za ta iya ba. Ya ce shi ma ya yarda shot ɗin nan yana da daɗi, in ya bugi turke har a ƙirji ake ji. A nan muka bar ta.

Ana gobe zai koma, muka kira Yaya ta bidiyo. Halifa ya juya wayar ya haska masa talabijin. Yaya ya yi shiru, ya matso da fuskarsa har hancinsa ya cika allon, yana karanta sunayen ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kan Ɗan Barno ya yi masa addu'a, muka shafa. Sai ɗansa ya buɗe masa lamba goma.

"Abba, mene ne wannan 99 ɗin?"

"Haka kwamfuta ta auna ni."

"Yaya, ka ji tsoron Allah," na ce. "Ni kuma sanƙon fa?"

"Ai ga shi ya fito. Hangen nesa ne." Ya gyara zama. "An ce ka ɗauki Inter?"

Na dubi Halifa, ya sunkuyar da kai.

"Tara ce, ka sani. Naira 20, ka ba yaron."

Halifa ya ce shi ba kuɗi yake so ba, so yake a sa shi a ƙungiyar. Yaya ya ce babu gurbi, sai dai a cire wani, kuma kada a kuskura a taɓa masa sha ɗayan farko. Ya ɗan yi tunani, ya ce a duba can ƙasan benci akwai wani gola da bai taɓa kama ko ƙwallo ɗaya ba.

Memorin mai jan farce dai yana cikin kwalin ashanarsa a durowata, a kan kwafin ake wannan ɓarna, don haka na miƙa hannun. Yaron ya goge sunana harafi bayan harafi, ya rubuta nasa, ya sa wa kansa suma, ya mai da kansa ɗan gaba, ya shiga ɗaga lambobi. Gudu ya kai 99, yanka ya kai 99, yana kan ƙarfin shot, 84, 85, sai ɗif, aka ɗauke wuta. Talabijin ta tattara haskenta ya koma ɗigo ɗaya a tsakiya ya ɓace.

"Ka adana?" na tambaye shi cikin duhu.

Bai amsa ba. Na ji dai ya ture kujera, ya laluba takalmansa, ya fita tsakar gida yana tambayar uwargida ko da sauran mai a janareto.